Gasar Scrabble ta duniya da al'ummar 'yan wasanta

Gasar Scrabble wani nau'i ne na wasan ƙwaƙwalwa inda mutum biyu ke fafatawa wajen haɗa kalmomi a kan allo, bisa ƙayyadadden lokaci da kuma jerin kalmomin da aka amince da su tun kafin a fara. Ana buga ta a ƙasashe da dama cikin harsunan Turanci, Faransanci, Sifaniyanci da wasunsu. An fara gasar duniya ta harshen Turanci a birnin Landan a shekarar 1991, kuma zuwa yau 'yan wasa daga nahiyoyin Amurka ta Arewa, Turai, Asiya, Afirka da yankin Ostareliya sun taɓa lashe ta. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi ƙarfi a wasan.

Abin da ya bambanta Scrabble da wasanni irin su dara ko ces shi ne yana da mai shi. Sunan wasan mallakar kamfanoni biyu ne na ƙasar Amurka: Hasbro ke riƙe da shi a Amurka da Kanada, Mattel kuma a sauran ƙasashen duniya. Su kuwa gasannin, ƙungiyoyin 'yan wasa ne ke shirya su, akasari da aikin sa kai. Yawancin rigingimun da suka taso a wannan fage cikin shekarun baya-bayan nan, kan ƙamus da kuɗi da kuma wanda ya cancanci a kira zakaran duniya, daga wannan rabon iko suka samo asali.

Asalin wasan

Wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka mai suna Alfred Mosher Butts ne ya ƙirƙiro wasan. Ya rasa aikinsa a lokacin durƙushewar tattalin arzikin da aka yi a farkon shekarun 1930, sai ya fara da wani wasan haruffa da ya kira Lexiko, daga baya a shekarar 1938 ya haɗa shi da allo ya sa masa suna Criss-Crosswords. Butts ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi a rubutun Turanci, ciki har da shafukan jaridu, domin ya san ƙwaya nawa zai ba kowane harafi da kuma makin da ya dace da shi. A shekarar 1948 James Brunot ya karɓi haƙƙin ƙera wasan, ya yi masa 'yan gyare-gyare, ya kuma yi rajistar sunan Scrabble. Wasan ya samu kasuwa sosai a farkon shekarun 1950. Haƙƙin mallakarsa a Amurka ya bi ta hannun kamfanin Selchow and Righter kafin ya isa ga Hasbro, yayin da na sauran duniya ya kasance a hannun kamfanin J. W. Spear na Ingila har zuwa 1994 da Mattel ya saye shi.

Yadda ake buga shi a gasa

Allon yana da gidaje 225, wato 15 a tsaye 15 a kwance. A na Turanci akwai ƙwayoyin haruffa 100 a cikin jaka, biyu daga ciki babu rubutu a jikinsu, ana iya sa su a madadin kowane harafi amma ba su da maki. Kowane ɗan wasa yana riƙe da ƙwaya bakwai. Harafin E shi ya fi yawa, guda 12 ne, kuma makinsa ɗaya. Q da Z kuwa ɗaya-ɗaya ne, kowannensu na da maki 10. Wasu gidajen allon suna ninka makin harafi ko na kalma sau biyu ko sau uku. Wanda ya ajiye ƙwayoyinsa bakwai a lokaci guda yana samun ƙarin maki 50.

A gida ana iya buga wasan mutum huɗu, amma a gasa mutum biyu ne kawai. Kowannensu yana da minti 25 a agogo mai fuska biyu irin na ces, kuma duk minti ɗaya da ya wuce ana cire masa maki 10. Idan ɗan wasa ya yi shakkar kalmar da abokin karawarsa ya ajiye, yana iya ƙalubalantarta, sai a duba ta a kwamfuta. Idan ba ta cikin jerin, a ɗauke ta, mai ita ya yi asarar juyinsa. Idan kuma tana ciki, hukuncin ya danganta da inda ake wasan: a dokar Amurka ta Arewa mai ƙalubalen ne ke rasa juyinsa, a yawancin gasannin ƙasa da ƙasa kuwa ana ƙara wa mai kalmar maki biyar ne. Wannan bambancin yana da tasiri a salon wasa, domin inda kuskuren ƙalubale ke da tsada, ɗan wasa na iya ajiye kalmar ƙarya da gangan yana fatan abokin karawarsa zai ji tsoron tankawa.

Ana jera 'yan wasa bisa yawan wasannin da suka ci, sannan bisa jimillar tazarar maki tsakaninsu da waɗanda suka kara da su. Ba a tambayar kowa ma'anar kalma. Abin da ake buƙata shi ne sanin cewa kalmar tana cikin jerin, da iya gano ta daga haruffan da suka zo a hargitse. Saboda haka manyan 'yan wasa kan haddace dubban kalmomi, su fara da masu harafi biyu irin su QI da ZA, sannan masu uku, sannan masu bakwai da takwas bisa yiwuwar fitowarsu daga jaka. Suna kuma bin lissafin haruffan da aka riga aka buga, ta yadda idan jaka ta ƙare sun san ainihin abin da ke hannun abokin karawa. Wannan ya sa ake samun masana lissafi da masu aikin kwamfuta da yawa a sahun gaba.

Ƙungiyoyi da gasar duniya

A Amurka da Kanada, ƙungiyar da ta daɗe tana kula da gasa tana samun kuɗinta ne daga Hasbro. Da kamfanin ya janye tallafinsa ga gasar manya, sai 'yan wasa suka kafa ƙungiyar NASPA a shekarar 2009, wadda ke dogaro da kuɗin rajistar mambobi. Kyautar zakaran gasar ƙasa ta Amurka, wadda ta kai dala 25,000 a shekarun da suka gabata, ta sauko zuwa dala 10,000. A sauran duniya akwai WESPA, wadda aka kafa a 2003 domin haɗa kan ƙungiyoyin ƙasashen da ke buga wasan da Turanci, da tsara dokoki da jadawalin matsayin 'yan wasa.

Daga 1991 zuwa 2011 ana yin gasar duniya ne duk bayan shekara biyu, kamfanonin na ɗaukar nauyi, kowace ƙasa kuma tana tura adadin wakilan da aka ware mata. Peter Morris na Amurka ne ya lashe ta farko. Daga 2013 Mattel ya miƙa shirya gasar ga wani kamfanin shirya wasanni mai zaman kansa, aka mayar da ita ta shekara-shekara, aka kuma buɗe ta ga duk mai iya biyan kuɗin shiga. WESPA ta fara tata gasar a 2015 bisa tsohon tsarin wakilcin ƙasashe. Sakamakon haka, a shekarar 2017 an samu zakaru biyu: David Eldar na Ostareliya a gasar da aka yi a Ingila, da Akshay Bhandarkar mai wakiltar Bahrain a gasar WESPA da aka yi a Nairobi. Bayan annobar korona gasar WESPA ce ta ci gaba a matsayin babbar gasar duniya. Eldar ya lashe ta 2023 a birnin Las Vegas, aka kuma ba birnin Accra na Ghana damar karɓar baƙuncin ta 2025.

Ɗan wasan da ya fi kowa shahara shi ne Nigel Richards, haifaffen birnin Christchurch na ƙasar New Zealand wanda ke zaune a Maleshiya. Ya lashe gasar duniya a 2007, 2011, 2013, 2018 da 2019. A shekarar 2015 ya lashe gasar duniya ta Faransanci a Louvain-la-Neuve ta ƙasar Beljiyam ba tare da yana jin harshen ba, bayan ya shafe kimanin mako tara yana haddace jerin kalmominsa. A 2024 ya maimaita hakan a gasar Sifaniyanci da aka yi a birnin Granada.

Yaɗuwar wasan a Asiya da Afirka

Gasanni shida na farko duk 'yan Amurka, Kanada da Ingila ne suka lashe su. A 2003 Panupol Sujjayakorn na Tailan ya ci gasar a Kuala Lumpur, kuma ɗan ƙasarsu Pakorn Nemitrmansuk ya doke a wasan ƙarshe. Pakorn ya lashe tasa a 2009. A Tailan makarantu na amfani da wasan wajen koyar da Turanci, kuma gasar Kofin Sarki ta Bangkok ta riƙa tara ɗalibai masu ɗimbin yawa. A Pakistan da Siri Lanka ma an gina wasan ne ta hanyar makarantu, shi ya sa ƙasashen biyu suka yi fice a gasar matasa ta duniya, wadda aka fara a 2006.

A Najeriya gwamnati ta amince da Scrabble a matsayin wasa a farkon shekarun 1990, kuma yana cikin wasannin da jihohi ke neman lambobin yabo a kansu a bikin wasanni na ƙasa. Wannan ya ba shi abin da bai samu ba a Amurka ko Ingila, wato masu horarwa, sansanin atisaye kafin babbar gasa, da alawus daga wasu hukumomin wasanni na jihohi. An kuma samu gasanni masu kyaututtukan kuɗi, irin wadda aka riƙa yi a Uyo da sunan Godswill Akpabio lokacin yana gwamnan Akwa Ibom, wadda ta jawo 'yan wasa daga ƙasashen waje. A gasar Afirka, wadda aka fara a 1994, 'yan Najeriya ne suka fi kowa lashe kambun.

A watan Nuwamban 2015 Wellington Jighere, ɗan asalin jihar Delta, ya doke Lewis Mackay na Ingila da ci huɗu da nema a wasan ƙarshe na gasar WESPA a birnin Perth na Ostareliya. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya zama zakaran duniya a ɓangaren Turanci. Kafin nan ya zo na uku a gasar 2007 a Mumbai, ya kuma lashe gasar Afirka sau biyu. Shugaba Muhammadu Buhari ya kira shi ta waya ya taya shi murna. Bayan shekara biyu wani ɗan Najeriya, Moses Peter, ya kai wasan ƙarshe a Nairobi.

Nasarar Jighere ta jawo muhawara kan abin da aka kira salon Najeriya. Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito a 2016 cewa 'yan wasan ƙasar sun fi son gajerun kalmomi masu harafi huɗu ko biyar, domin doguwar kalma tana buɗe wa abokin karawa hanyar zuwa gidajen da ke ninka maki, tana kuma cinye haruffa masu kyau da za a iya ajiyewa don samun ƙarin maki 50. Wasu masu nazarin wasannin da aka adana sun ce bambancin bai kai yadda aka zuzuta shi ba, kuma sirrin ya fi karkata ga yawan atisaye da ƙarfin gasar cikin gida.

Ɓangaren Faransanci

Ƙasashen da ke amfani da Faransanci suna da tasu ƙungiyar ta duniya, FISF, da nasu ƙamus wanda kamfanin Larousse ke bugawa. Jakarsu tana da ƙwaya 102. Sun kuma fi ba da muhimmanci ga wani tsari da babu sa'a a cikinsa: alƙali ne ke zaro haruffa, kowa a zauren yana aiki da haruffa iri ɗaya a kan allo iri ɗaya, wanda ya samo kalma mafi maki shi ke gaba. Senegal ta yi suna a wannan ɓangare, ta kuma karɓi baƙuncin gasar duniya a Dakar a 2008. Wanda Richards ya doke a wasan ƙarshe na 2015 ɗan Gabon ne, Schélick Rekawe. Ke nan iyakar harshe da mulkin mallaka ya bari ta raba 'yan wasan Afirka ta Yamma gida biyu: Najeriya, Ghana, Gambiya, Saliyo da Laberiya suna bin jerin kalmomin Turanci, maƙwabtansu irin su Nijar, Benin da Senegal kuma suna bin na Faransanci.

Rikicin ƙamus

Ko a cikin Turanci jerin kalmomin biyu ne. Amurka ta Arewa tana da nata, wanda ya samo asali daga ƙamus ɗin da Merriam-Webster ya fara bugawa a 1978, mai kalmomi ƙasa da 200,000. Sauran duniya na amfani da na Collins, wanda bugunsa na 2019 ke da kalmomi 279,496. Ɗan wasan Amurka da ke son zuwa gasar duniya sai ya haddace ƙarin dubban kalmomi, ya kuma riƙa tuna waɗanda ba su halatta a gida ba.

Batun kalmomin zagi da na cin mutuncin ƙabila ko addini ya fara tasowa a 1994, lokacin da Hasbro ya yanke shawarar cire su daga ƙamus bayan ƙorafin da aka kai masa. 'Yan wasa suka yi bore, aka sasanta a kan cewa ƙamus na gida da makarantu zai fito ba tare da su ba, amma za a bar su a jerin gasa. Wannan sulhu ya tsaya har zuwa 2020, lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd. A shekarar ne NASPA ta cire kalmomi fiye da 200 daga jerinta bisa matsayar Hasbro. Mattel ya bi sahu, inda bugun Collins na 2021 ya fito babu kalmomi fiye da 400.

Masu goyon bayan matakin sun ce wasan da ake son yaɗawa a makarantu da talabijin bai kamata ya ba da maki a kan kalmar da ke wulaƙanta wanda ke zaune a ɗaya gefen allon ba. Masu adawa sun ce a gasa kalma jerin haruffa ce kawai da ba a la'akari da ma'anarta, kuma aikin ƙamus shi ne ya tattara abin da ke cikin harshe, mai kyau da marar kyau. Da yawa daga cikinsu abin da ya fi ɓata musu rai shi ne yadda aka yanke hukuncin: kamfani ne ya ba da umarni, ƙungiyar da ta ƙi bi kuma tana iya rasa izinin amfani da sunan Scrabble. Darryl Francis, wanda ya shafe shekaru da dama yana aikin tattara jerin kalmomin gasa a Birtaniya, ya ajiye muƙaminsa a kwamitin ƙamus na WESPA saboda wannan batu. A Amurka ta Arewa kuma an samu wasu ƙungiyoyi da ke shirya gasanninsu daban da NASPA, abin da ya ƙara rarraba al'ummar da tun asali ba ta da yawa.

Kuɗi da biza

Kyautar da Jighere ya samu a Perth dala 10,000 ce. Idan aka cire kuɗin jirgi da masauki, kaɗan ne daga cikin mahalarta ke komawa gida da riba, shi ya sa kusan dukkan manyan 'yan wasa suna da wata sana'ar. Ga 'yan Afirka akwai ƙarin matsalar biza. A 2016, lokacin da Jighere ke riƙe da kambun duniya, an ba da rahoton ƙin amincewa da takardunsa na neman bizar Faransa tare da wasu abokan wasansa, gabanin gasar da aka yi a birnin Lille. Wurin da aka zaɓa don yin gasa yana iya yanke hukuncin wanda zai halarta tun kafin a zaro harafi ɗaya daga jaka. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake ɗaukar gasannin Nairobi da Accra da muhimmanci a nahiyar.

Kwamfuta da intanet

Manhajojin kwamfuta sun sauya yadda ake koyon wasan. A 2006 manhajar Quackle ta doke David Boys na Kanada, zakaran duniya na 1995, a wata karawa da aka yi a Toronto. Yanzu 'yan wasa kan shigar da wasanninsu cikin irin waɗannan manhajoji domin su ga inda suka yi kuskure, suna kuma amfani da wasu wajen haddar kalmomi. Wannan ya rage tazarar da ke tsakanin mai zama kusa da babban kulob da wanda ba shi da abokin atisaye sai wayarsa.

A intanet ma batun mallakar suna ya biyo su. A 2008 Hasbro ya kai ƙarar wasu 'yan'uwa biyu daga birnin Kolkata na Indiya da suka ƙirƙiri wasan Scrabulous a Facebook, daga baya aka sauya masa suna zuwa Lexulous. A 2020 aka rufe tsohuwar manhajar Scrabble ta waya aka maye gurbinta da Scrabble Go, wadda 'yan gasa da yawa suka yi kuka da ita saboda yawan talla da ƙyale-ƙyale. A shekarar ne, lokacin da annoba ta tsayar da gasannin ido da ido, wasu 'yan wasa suka buɗe dandalin Woogles, wanda ba na neman riba ba ne kuma ba ya amfani da sunan Scrabble. Ana buga gasanni a kansa, ana kuma nuna manyan wasanni kai tsaye a YouTube da Twitch tare da sharhin ƙwararru.

Maguɗi da amana

Da yake ɗan wasa da hannunsa yake zaro haruffa, wasan ya dogara ƙwarai ga amana. Doka ta ce a ɗaga jaka sama da ido, a kuma nuna tafin hannu babu komai kafin a sa shi ciki. A gasar ƙasa ta Amurka ta 2012 a Orlando an kori wani matashi da aka kama yana ɓoye ƙwayoyin da babu rubutu a jikinsu. A 2017 ƙungiyar 'yan wasan Birtaniya ta dakatar da Allan Simmons, tsohon zakaran ƙasar kuma marubuci kan wasan, na tsawon shekara uku bisa zargin saɓa dokar zaro haruffa. A wasannin intanet kuwa damuwar ita ce amfani da manhajar da ke warware haruffa, wanda gano shi ke buƙatar nazarin salon wasan mutum na tsawon lokaci.

Halin da ake ciki

A 2024 Mattel ya fitar da wani sabon allo a Turai mai fuska biyu, ɗaya ta wasan da aka sani, ɗayar kuma ta wani sauƙaƙƙen wasa mai suna Scrabble Together wanda ake bugawa cikin haɗin gwiwa maimakon hamayya. Matakin ya nuna cewa kasuwar da kamfanonin suka fi dubawa ita ce ta iyalai masu saye don nishaɗi a gida, waɗanda yawansu ya ninka na 'yan gasa nesa ba kusa ba. Ƙungiyoyin 'yan wasa kuwa suna ci gaba da buƙatar sunan domin samun masu ɗaukar nauyi da kuma amincewar gwamnatoci da makarantu.

Ƙasashen da wasan ya fi bunƙasa a cikinsu a shekarun nan, irin su Najeriya, Ghana, Kenya, Pakistan, Siri Lanka da Tailan, sun gina shi ne ta hanyar makarantu, kulob-kulob da hukumomin wasanni. Suna da murya a WESPA ta hannun ƙungiyoyinsu na ƙasa, suna kuma karɓar baƙuncin manyan gasanni. Amma jerin kalmomin da 'yan wasansu ke haddacewa ana buga shi ne a Birtaniya ƙarƙashin lasisin Mattel, kuma duk wani sauyi da aka yi masa yana shafar ɗan wasan da ke Benin ko Karachi kamar yadda yake shafar na Landan.